Me Ke Damunka, Baba?

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai cinye min sauran abin da ke kaina, da wata Talata da na je asibiti neman takarda guda ɗaya tal, na dawo da takardar haɗe da abin kunyar da har yau matan cocinmu suke ba wa baƙi labarinsa. Tun da kowa ya riga ya faɗi nasa, gara ni ma in faɗi nawa, don a kaina abin ya faru, ba a kansu ba.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. A aji shida na firamare na tsaya aka kai ni koyon naɗin koyil, kuma shi nake yi har yau a wani ɗan shago a Tudun Ƙofa. Fanka, injin jan ruwa, injin markaɗe, duk abin da ke juyawa da wuta, in ya ƙone ni ake kawo wa. Shekarata hamsin da uku. A garin Keffi an san ni da abu biyu: aikina ba ya dawowa, kuma ban iya gaisuwa ba. Ba wai ba na yi ba ne, ina yi. Amma in mutum ya ce min ya gida, ya iyali, ya aiki, ya gajiya, kafin in gama tunanin amsar ta farko ya kai ta huɗu, ya ma hau mashin ɗinsa ya tafi. Kuma ba na kallon idon mutane, don in na kalli ido ba na jin magana. Sai aka ce girman kai ne. (Girman kan me? Mutumin da riga iri ɗaya yake ɗinkawa guda huɗu duk Kirsimeti don kada ya sha wahalar zaɓe?)

Matata Rifkatu ta yi haƙuri da ni shekara ashirin da shida. Abin da ya ƙarar da haƙurin nan jana'izar mahaifiyarta ce a Agwada. Tsohuwar nan ina sonta, Allah ya sani. Ita kaɗai ce cikin surukaina ba ta taɓa cewa in buɗe baki in yi hira ba. In na je sai ta turo min kwaryar gyaɗa, mu zauna muna ɓarewa shiru har la'asar. Ranar binne ta an kafa lasifika huɗu, matan zumunta na kaɗa tulu, janareta na ruri, duk wanda ya karɓi makirfo sai ya yi kuka a cikinsa. Kaina ya zama kamar injin da aka haɗa wa wutar da ta fi ƙarfinsa. Ina nan ina ta kokawa da ƙafafuna kada su gudu da ni, sai Rifkatu ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Baban Alheri, yanzu shi ke nan Mama ta tafi?"

Na ce, "E, ta tafi. Ai likita ya faɗa tun watan jiya cewa ba za ta kai damina ba."

Tambaya aka yi min, na ba da amsa. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa wannan ba irin tambayar da ake amsawa ba ce. Rifkatu ta saki hannuna a hankali ta ce, "Ashe da dutse nake zaune." Da aka tashi daga zaman makoki ba ta dawo Keffi ba, ta wuce gidan yayanta a Garaku. Ba ta ce a rabu ba, ba ta ce za ta dawo ba. In na kira ta sai ta ce "lafiya" ta kashe. Har sati shida. Ni da na yi rayuwata duka ina neman shiru, na samu wanda ba na so.

Babbar 'yarmu Alheri malamar makaranta ce a Mararaba, an taɓa tura su wani kos na koyar da yara masu buƙata ta musamman. Wata Asabar ta zo shago, ta kawar da wata fanka daga kan benci ta zauna.

"Baba, zan faɗa maka wani abu, amma kada ka yi fushi."

"In abin fushi ne zan yi."

"Akwai wani abu da ake kira otizim. Shi ne a rediyo suke cewa galahanga."

Na ajiye filaya. Na ce, "Alheri, ubanki kike ce wa galahanga?" Don a iya sanina wannan kalma zagi ce, da ita ake jifan wanda aka raina hankalinsa. "Ni da in aka kunna inji a bakin titi nake faɗin abin da ya lalace kafin a shigo da shi?"

"Wannan ma yana ciki," in ji ta.

Ta fito da wayarta ta fara karanta min wasu tambayoyi. Ko ƙara na damuna fiye da sauran mutane? Ko in an canza min tsarin yini raina na ɓaci har in kasa cin abinci? Ko akan yi dariya a taro ban san abin da ake wa dariyar ba, sai in yi tawa don kada a gane? Wannan ta ƙarshen ita ta kama ni. Sirri ne da ko Rifkatu ban taɓa faɗa wa ba. Shekara arba'in ina dariyar aro, ga shi a rubuce cikin wayar 'yata, kuma wanda ya rubuta bai taɓa sa ƙafarsa a Keffi ba.

Alheri ta ce waya ba likita ba ce, sai ƙwararru sun auna ni, su kuma ba sa ganin mutum sai da takardar turawa daga hannun likita. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yi wa Mama maganar. Ta ce in likita ya ce ba da gangan kake yi ba, za ta saurara. In kuma da gangan ne, ka zauna da fankokinka su tuƙa maka tuwo."

To ka ji abin da ya kai ni asibiti. Sunan ciwo bai dame ni ba, matata nake so ta dawo.

Kwana tara na yi ina haddar abin da zan faɗa wa likita. Haka nake yi ko gidan biki zan je, sai dai wannan karon jawabi ne sosai. Ga yadda ya fara: "Dokta, ina kwana. Na zo neman takardar turawa wurin ƙwararru su auna ni ko ina da otizim. Dalilina guda biyar ne." Na jera fankoki uku a kan benci ina karanta musu safe da yamma. (Wani mai injin markaɗe ya shigo ya same ni a dalili na uku, ya juya ya fita da injinsa, bai sake dawowa ba.) Alheri tana da aji ranar Talata, don haka ni kaɗai na tafi, da riga mai tsabta, da kati, da sukundireba a aljihun gaba, don shekara talatin ban taɓa fita ba ita ba.

Abin ya fara karkacewa tun a wurin awon jini. Nas ɗin wata ƙatuwar mata ce mai tabarau, muryarta ba ta buƙatar lasifika.

"Baba, me aka zo gani?"

"Otizim."

"To ina yaron? Ka bar shi a waje? Sashen yara na can baya."

"Babu yaro."

"Jikanka ne?"

"Ni ne."

Ta sauke tabarau ta dube ni tun daga furfura har takalmi. "Kai ne yaron?"

Bencin masu jira duka ya ɗauki dariya. Ni ma na yi tawa, ta aron nan. Ina juyawa sai ga Mama Hannatu, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta zo duba hawan jini. Mama Hannatu mace ce ta kirki, ta yi wa mutane da yawa alheri, amma labari ba ya kwana a bakinta, ko la'asar ba ya kaiwa.

"A'a, Baban Alheri! Lafiya na gan ka a nan? Ya Maman Alheri, har yanzu tana Garaku?"

"Tana can."

"Ayya. Me ya same ka?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta yi min wani kallo, ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita. Awa uku na zauna a bencin nan ina maimaita jawabina a zuci, ita kuma tana ba ni labarin gwiwarta.

Da aka kira ni na shiga. Ɗakin ƙarami ne, rufinsa ba tsawo, tebur ɗaya, kujera biyu, wurin wanke hannu a lungu. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Alheri ba, da ɗan hijabinta a ƙarƙashin farar riga, fuskarta irin ta wadda ta ga mutum arba'in tun safe. Amma gaskiya ba ita na fara lura da ita ba. Fankar sama ce. Duk zagaye ɗaya sai ta ce ƙit. Ƙit. Ƙit. Ba boris ɗin da take juyawa a kansa ba ne, don boris kuka yake yi, wannan ƙwanƙwasa ce. Kusoshin reshe ɗaya ne suka kwance. Aikin minti uku. Kuma tun da na ji ƙarar nan, kamar ana soka min allura ne a bayan kunne, duk daƙiƙa sau ɗaya.

A tsarin da na yi da fankokina na shago, ni zan fara magana. Su ba su taɓa riga ni ba. Ita kuwa ko zama ban gama yi ba ta ce, "Sannu Baba. Me ke damunka?"

Yanzu na san cewa duk likitan duniya da haka yake buɗe baki, kuma abin da yake nufi shi ne me ya kawo ka. Amma a lokacin nan tambaya aka yi min, kuma amsarta ta gaskiya ɗaya ce.

Na ce, "Fankarki."

Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta yi 'yar dariyar gajiya. "Ai mu ma ta dame mu, Baba. Wata uku muna jiran masu gyara. In ka iya ai sai ka hau ka gyara mana." Ta tashi ta nufi lungu ta juya min baya tana wanke hannu.

Jama'a, ku yi min adalci. Ta ce in na iya. Na iya. Ta ce in hau.

Na miƙe na kashe makunni. Ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "Kash, an ɗauke wuta kuma." Na cire takalmi na jera su a ƙarƙashin kujera, don ni ba mara tarbiyya ba ne da zan taka teburin mutane da takalmi. Na kawar da abin sauraren ƙirjinta gefe, na daidaita birurrukanta, na taka kujera, na taka tebur. Reshen farko lafiya yake. Na biyu ne mai laifi, kusa uku duk sun yi sako-sako. Na ɗaure ta farko. A nan ta juyo.

"Baba! Innalillahi!"

Ihun nan ne ya sa nas ta banko ƙofa, kuma ta bar ta a buɗe wangalau. Ƙofar kuwa tana kallon bencin masu jira. Mutum ya fi talatin, duk suka miƙa wuya. Ga ni tsaye a kan teburin likita, dattijo mai furfura, ƙafa ɗaya a kan foldar wani bawan Allah, babban yatsana ya leƙo ta hudar safa, hannu a sama riƙe da sukundireba. Na ji muryar Mama Hannatu ta ce, "Yesu Almasihu!" Wani ya ce, "Ai shi ne yaron nan na ɗazu!" Nas ta ce a kira masu gadi.

A daidai lokacin nan na gane. Kamar an kunna fitila a ɗaki ne: wasa take yi. Ba wanda ya ce in hau. Zufa ta karyo min daga ƙeya har cikin wando. Na ga Rifkatu a idona, na ga takardar ta tafi, na ga kaina a bayan mota ana kai ni inda ake kai waɗanda suka hau teburin likita.

Kuma ga ainihin abin kunyar, wanda ban cika faɗa ba: duk da na gane, ban sauko ba. Saura kusa biyu. Ƙafata na so ta sauka, hannuna ya ƙi. Ban taɓa barin reshen fanka a kan kusa ɗaya ba, in ya cire a kan wa zai faɗo? Nas na cewa, "Baba ka sauko! Ka sauko na ce!" Ni kuwa abin da ya fito daga bakina, a gaban mutum talatin da shugabar zumunta, shi ne:

"Saura biyu."

Sai na ji muryar likitar, a kwance, ba irin ta ɗazu ba. "Sista, bar shi ya gama. Riƙe masa teburin kada ya goce. Rufe ƙofar tukuna."

Na ɗaure ta biyu. Na ɗaure ta uku. Na sauko, na sa takalmi, na zauna, na zuba wa ƙasa ido ina jiran hukunci. Likitar ta je da kanta ta kunna makunni. Fankar ta tashi, ta juya, ta ɗauki gudu. Babu ƙit. Iska kawai. Mu uku muka yi tsit muna sauraren abin da babu.

"Ikon Allah," in ji nas, ta fita tana girgiza kai.

Likitar ta zauna ta ajiye biro. Abin da ta faɗa bayan nan har gobe yana kunnena. Ta ce, "Baba, ka yafe min. Laifina ne. Wasa na yi, kuma ban faɗa maka cewa wasa ne ba."

Shekara hamsin da uku ina duniya. An ce min wawa, an ce min mai girman kai, malaminmu na aji huɗu ya taɓa karya min rula a ka don ya ce in ɓace masa da gani na tafi gida. Ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya ce shi ne bai faɗi magana sarai ba. Sai wannan yarinyar, da na gama taka mata tebur.

Ta buɗe katina ta ga abin da nas ta rubuta. Sai ta ja kujerarta ta dawo gefena, muka koma dukkanmu muna kallon bango, kamar fasinjoji a mota. Ta ce, "Haka ya fi maka sauƙi, ko?" Wa ya gaya mata? Ta ce in faɗi abin da ya kawo ni yadda na shirya shi, don ta ga alama na shirya. Na fara daga "Dokta, ina kwana," ko da yake azahar ta yi, na kai har dalili na biyar, ba ta katse ni ko sau ɗaya ba.

Sannan ta fara nata tambayoyin. Ina yaro, da wa nake wasa? (Da tsohon agogon babana.) In na dawo daga biki, nakan nemi ɗaki in rufe kaina har jikina ya dawo? Akwai yadin da fatata ba ta ɗauka? In raina ya ɓaci sosai magana takan ɗauke min gaba ɗaya, mutane su zaci ko a jikina? Kowace tambaya kamar ta sa hannu ne a aljihuna ta ciro abin da na ɓoye. Ni da ba na zuwa wurin masu duba, na zauna ina tunanin ko haka mutane ke ji a can. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, kin san wani a gidanmu ne?"

Ta ce, "Ban san kowa ba. Amma ba kai kaɗai ba ne, Baba. Akwai irinka da yawa, wasu sun tsufa sun mutu ba wanda ya taɓa yi musu waɗannan tambayoyin."

Da yawa. Ni da na ɗauka ni kaɗai aka naɗa a baibai. Idona ya kawo ruwa, na ce mata iskar fanka ce. Ta ce ai kuwa yanzu tana da ƙarfi.

Na tambaye ta kai tsaye ko ni galahanga ne. Ta ce ita ba ta son kalmar, don mutane sun ɓata ta da zagi. Ta ce abin ba hauka ba ne, ba kuma ƙwaya ake sha masa ba, yadda aka halicci kan mutum ne. Ta ce ba ita za ta ce ina da shi ko ba ni da shi ba, aikin ƙwararru ne, ita dai ta ga dalilin da ya isa ta tura ni. Ta ɗauki takarda ta rubuta, ta buga hatimi. Ta ce layin ganin ƙwararrun na da tsawo, zan jira watanni. Kuma sai na je da wanda ya daɗe da sanina, wanda zai ba su labarin halina.

"Mahaifiyarka na da rai?"

"Ta rasu."

"Matarka fa?"

A nan na faɗa mata komai, Agwada, dutse, Garaku. Na roƙe ta ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar, cewa ba da gangan nake yi ba.

Ta ce, "Wannan ba zan rubuta ba. Ko da gangan ko ba da gangan ba, ta ji zafi. Haƙuri kai za ka ba ta da bakinka, hatimina ba zai yi maka ba." Da na miƙe ta ƙara da cewa, "Kuma Baba, daga yau in ka rasa gane magana, ka tambaya: wasa ne ko gaske? Ba abin kunya ba ne. Ya fi hawa tebur sauƙi."

Na ce, "Wannan wasa ne ko gaske?"

"Duka biyu," in ji ta.

Fitowa daga ɗakin nan ta gaban bencin nan, ba na yi wa maƙiyina fatanta. Mutane suka janye ƙafafunsu suka ba ni hanya mai faɗi. Mama Hannatu na can lungu, waya a kunne, hannu a baki. Ban koma shago ba. Karo na farko cikin shekaru na bar shi a kulle ranar Talata, na je tasha na hau motar Garaku, ina haɗa wani sabon jawabin a hanya.

Labari ya riga ni isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Ina sauka daga mota sai ga Rifkatu a bakin titi, jaka a hannu, ɗankwali a karkace, tana tare motar Keffi. Ta gan ni ta saki jakar. Ta zo ta kama hannuwana tana jujjuya su.

"Ina igiyar? Aka ce an ɗaure ka! Aka ce ka hau rufin asibiti da wuƙa kana korar likitoci!"

"Tebur ne. Kuma sukundireba ce."

"Me ya kai ka kan tebur, Baban Alheri?"

"Fanka."

Ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Ban gane ko kuka ne ko dariya ba, don haka na tambaya. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Na kalli goshinta, don iyakar inda idona ke kaiwa ke nan, na faɗi abin da na haɗa. Na ce, "Maman Alheri, ranar da kika tambaye ni ko Mama ta tafi, amsar da na ba ki gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. Sauran ita ce ni ma uwa na rasa, ban san ta inda ake fito da maganar ba. Na ɓata miki rai. Ki yi haƙuri."

Ta tsaya tana kallona. Masu mashin biyu suka tsaya suka gaji suka wuce.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa. Daga Keffi zuwa nan na haɗa shi."

Na miƙa mata takardar, na faɗa mata gaskiya cewa likita ba ta ce komai ba tukuna, turawa kawai ta yi, kuma sai na je da wanda zai ba da labarin halina. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Wato zama zan yi in faɗi halinka, likitoci na rubutawa?"

"E."

"Duka? Tun daga ranar aurenmu?"

"Duka."

"Ba wanda zai ce min in yi haƙuri, haka maza suke?"

"Ba na jin za su ce."

Ta ninke takardar ta sa a cikin zaninta. Ta nuna min jakar da ke ƙasa. "Ɗauka mu tafi. Ka ce musu su tanadi biro biyu."

Ranar ganin ƙwararrun ba ta zo ba tukuna, don haka ban san abin da za su ce ba. Rifkatu dai tana gida. Ta sayi littafin rubutu mai kauri tana shirya bayaninta, ta kai shafi na arba'in ba ta fita daga shekarar aurenmu ta uku ba. Wani lokaci takan ɗaga kai daga rubutun ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta yi min wata tambaya, in ba ta amsa, ta ce, "Shekara ashirin da shida, me ya hana ka faɗa?" In ce ba ta tambaya ba.

Darasin da na koya kuwa, in za ka ɗauki shawarar likita ka riƙa tambayar mutane wasa ne ko gaske, to ka shirya wa amsar. Ni dai yanzu na gano cewa rabin abin da na ɗauka gaske a gidana wasa ne. Ɗaya rabin kuma, wanda duk shekarun nan nake yi wa dariya in wuce, irin su "in ka ga dama ai sai ka wanke kwanukan nan," ashe duk gaske ne.